Dogon Hutu a Jos: Tambayoyin Iyaye Kan Ɗinki da Aikin Hannu na Ƙananan Yara

Ni tela ce, a Anguwar Rogo nake zaune, kuma duk dogon hutu tsakar gidanmu kan cika da yaran maƙwabta. Ba makaranta na buɗe ba. Abin ya samo asali ne daga wata shekara da ruwan Agusta ya kulle mu a ɗaki kwana da kwanaki, na rasa yadda zan yi da 'ya'yana, sai na zazzage musu buhun ƙyallaye a kan tabarma. Kafin mako ya zagayo yaran layinmu sun fara leƙowa. Tun daga lokacin iyaye ke tare ni a hanya, ko a gidan suna, ko su turo saƙo ta WhatsApp, kuma tambayoyin kusan iri ɗaya ne. Ga su nan na tattara, da amsar da nake bayarwa.

Daga shekara nawa yaro zai iya riƙe allura?

Allura mai tsini sai ya kai shekara bakwai, wani ma takwas, kuma da babba zaune kusa da shi. Amma ɗinki yana farawa tun kafin allura. Ɗan shekara uku zuwa huɗu a samo masa kwalin takalmi, a yanka shi siffar kifi ko ta riga, a huda bakinsa da ƙusa a jere, a ba shi igiyar takalmi ya riƙa zurawa yana fitarwa. Wannan shiga da fitar ita ce ɗinkin gaba ɗaya, sauran duk ƙari ne.

Ɗan shekara biyar zuwa shida kuma a ba shi basilla wadda aka goge bakinta a jikin dutse har ta dakushe, da zaren ulu, da guntun buhun masara. Saƙar buhu a buɗe take, basillar za ta wuce ba tare da ya yi kokawa da ita ba. Ni ba shekaru kawai nake dubawa ba. Yaron da ya iya saka maɓallin rigarsa da kansa, ya iya zama wuri ɗaya har ya gama cin abinci, hannunsa ya nuna.

Me zan saya? Gaskiya ba ni da kuɗin kayan wasa a wannan yanayin.

Almakashin yara mai dunƙulallen baki, da allura mai faɗin kafa, da ƙwaryar zare biyu ko uku, da ulu. Shi ke nan. Sauran suna cikin gidanki, ba ki lura ba ne: kwalin taliya, murafen kwalbar lemo, gidan biro da tawadarsa ta ƙare, safar da 'yar'uwarta ta ɓata, tsohon zanin gado, maɓallan rigunan da suka mutu.

Ƙyalle kuwa, ki je wurin telan da ke miki ɗinki ki ce ya tara miki. Bayan Sallah shagunanmu cike suke da guntaye, da yawa ƙonawa ake yi. Ki zaɓi atamfa da yadin auduga, domin su ne ke tsayawa a hannun yaro. Shadda mai maiƙo tauri gare ta, allura ba ta shigarta da daɗi, leshi duk huji ne, yadi mai santsi kuma sai ya riƙa gudu yaro ya ƙosa. Idan za ki shiga kasuwar Terminus ki sayo ulun a can, in kuma kasuwar Katako kika nufa ki duba tsohuwar suwaita a gwanjo: a warware ta a samu ulun da zai ishi yara huɗu har hutu ya ƙare.

Wane ɗinki ya kamata a fara da shi?

Ƙaramin matashi. A yanka ƙyalle biyu, kowanne inci 6 tsawo da faɗi, a kifa fuskokinsu su haɗu, a ja layi da alli kusa da baki, sannan a ɗiga ɗigo-ɗigo a kan layin, tazarar faɗin ɗan yatsan yaron. Ɗigon nan su ne jagoransa: ya soka a wannan, ya fito a na gaba. Ya ɗinke gefe uku, a juya, ya cusa guntayen ƙyalle ko auduga, ya rufe na huɗu. Zaren kada ya wuce kamu ɗaya na hannun yaron, wato daga yatsa zuwa gwiwar hannu. Dogon zare shi ke harɗewa, kuma harɗewar zare ce ke fara sa yaro kuka. A ninka zaren biyu a ƙulle ƙarshensa tare, ta haka ba zai zare daga allurar ba.

Bayan matashi sai jaka mai zariya. Ƙyalle inci 8 da inci 16, a ninka biyu, a ɗinke gefuna, a kalmashe baki a bar hanyar zariya. Wannan yara sun fi sonta saboda tana da amfani: a zuba fensir, ko a sa Ƙa'ida a tafi Islamiyya da ita. 'Yan mata kuma ribom ɗin kai: ƙyalle inci 18 da inci 4, a ɗinke shi kamar bututu, a juya, a zura roba inci 8, a haɗe baki. Yarinyar da ta ɗaura ribom ɗin da ta ɗinka da hannunta, ranar har tafiyarta ma daban ce.

Tunda garinmu na sanyi ne, akwai tuntun hular sanyi. Yaro ya naɗa ulu a yatsunsa huɗu kamar sau hamsin, a zare, a ɗaure tsakiya tamau, a yanke bakin biyu, a karkaɗe. Ɗan shekara huɗu ma yana iya naɗin, yankan ne na babba.

Ɗinkin 'yata duk ya karkace, wani wurin ma a buɗe yake. In warware in gyara mata?

A'a, 'yar'uwa. Don Allah kada ki taɓa. Wannan ce amsar da na fi so iyaye su ji, domin ni da kaina na yi wannan kuskuren.

Babbar 'yata tana da shekara bakwai ta ɗinka jakarta ta farko, da guntun atamfa mai ruwan ƙwai da jan zare. Ɗinkin ya hau ya sauka, wani taku kamar ƙwayar shinkafa, wani kamar wake, a kusurwa kuma ta tara ƙulli har uku. Ta kawo mini tana haki don murna, ta ce, “Umma, duba!” Na yaba. Da dare da ta yi barci na ɗauki jakar, idon tela ya hana ni sakat. Na ce a raina, 'yar tela guda ta fita da wannan? Na warware na mayar da nawa, daidai wa daida.

Da safe ta ɗauki jakar ta juya cikinta, ta bi layin da yatsa, ta daɗe tana kallo. Ba ta yi kuka ba. Cewa kawai ta yi, “Wannan ba nawa ba ne,” ta ajiye a kan keken ɗinkina. Har aka koma makaranta ba ta sake taɓa allura ba, kuma sai da shekara ta zagayo da lallashi kafin ta dawo. Jakar tana nan a akwatina, duk ranar da na gan ta sai zuciyata ta sosu.

Yaro ba jaka yake nema ba, jaka tana kasuwa. So yake ya ga abin da hannunsa ya iya. In akwai ramin da kaya za su zube, ki nuna masa wurin, ki tambaye shi yadda za a yi, ki bar shi ya toshe da kansa ko da ɗinki a kan ɗinki ne. In kina son nuna masa yadda ake yi, ki ɗauki naki ƙyallen ki zauna gefensa ki yi naki. Ni yanzu a tabarmar yara hannuwana suna kan cinyata, abin da nake yi musu kawai zura zare da ƙulli, shi ma sai sun roƙa. Na lura matashi na uku ko na huɗu layin kan miƙe da kansa, ba tare da kowa ya yi faɗa ba.

Maigida ya ce ɗinki aikin mata ne, kada in saka masa ɗa a ciki.

Ki tambaye shi cikin ladabi wa ya ɗinka babbar rigar da ya je Idi da ita. A ƙasar Hausa aikin allura a wuyan riga, aska biyu da aska takwas, maza ne suka shahara da shi tun kaka da kakanni, almajirai da malamai da yawa da ɗinkin hula suka riƙe kansu. Ya leƙa shagunan teloli na cikin gari ya ƙirga. Yaron da zai tafi makarantar kwana kuma ya san yadda ake mayar da maɓalli da ɗinke wandon da ya yage, ba zai ji kunya a cikin 'yan'uwansa ba.

Gam yana tsada kuma yara ɓarnarsa suke yi. Akwai na gida?

Akwai. Cokali biyu na fulawa, a dama da ruwan sanyi kaɗan har gudaji su mutu, a ƙara ruwa ya kai kofi ɗaya, a ɗora a wuta ana juyawa har ya yi kauri kamar koko. A sa gishiri rabin cokali, a bari ya huce. Sitacin rogo da muke sa wa kaya ma yana yi, har ya fi sheƙi. Yana kama takarda da kwali da ƙyalle, in yaro ya lasa kuma ba abin tashin hankali ba ne. A dama na yini ɗaya kawai, in ya kwana biyu tsami yake yi.

Sufa gulu kada ya shiga hannun yaro ko kusa. Yana manne yatsu da fatar ido cikin ƙiftawa, kuma in ya zuba a kan auduga zafi yake ɗauka har ya ƙona fata. In tsautsayi ya sa yatsu sun manne, a jiƙa a ruwan ɗumi da sabulu a riƙa murzawa a hankali, kada a fizge. In ido ne, asibiti.

Mun yi kwanon takarda da gam ɗin fulawa, bayan kwana uku ya yi fumfuna. Ina muka kuskure?

Ba ku kuskure ba, Jos ce a watan Agusta. Yuli da Agusta su ne tsakiyar daminarmu, rana kan yi kwanaki tana ɓuya, ga sanyin kan tudu, wanki ma da ƙyar yake bushewa balle takarda mai shafi biyar. Ku yi shafi biyu kawai ku bari ya bushe ƙarau kafin ku ƙara. A ajiye shi a madafa, nesa da wuta amma inda ɗumin murhu ke kaiwa, ba a ƙasan siminti ba. Wanda ya riga ya yi fumfuna a zubar, kada yaro ya shaƙa.

Haka ƙullin fulawa da gishiri da ake mulmula 'yan kayayyaki da shi (kofi biyu na fulawa, ɗaya na gishiri, ruwa kusan kofi ɗaya). Gishiri yana jan laima, sai abin ya bushe yau gobe ya yi gumi. Ni na bar wannan sai hutun Disamba, lokacin da hunturu ke busar da komai a yini guda. Aikin damina shi ne ƙyalle da ulu da kwali.

Wane aiki ne zai ɗauki yara da yawa lokaci ɗaya, manya da ƙanana?

Tambarin dankali. Allah ya hore mana dankalin Turawa a Filato, daga Bokkos da Mangu ake lodinsa zuwa sauran ƙasa, kuma dogon hutu yana faɗowa ne lokacin da sabon dankali ya cika kasuwar Farin Gada. Ki tsince ƙananan nan da waɗanda suka fara tsiro. Babba ya raba dankali biyu, ya sassaƙa tauraro ko ganye ko dagi a fuskar, a goge ruwan jikinsa da tsumma, yaro ya dangwala a launi ya buga a takarda ko tsohon farin zani. Gindin kuɓewa da aka yanke ma yana fitar da fure mai kyau ba tare da an sassaƙa komai ba.

Launi kuma yana madafa. Zoɓo da aka dafa da ruwa kaɗan ya ba da ja, kurkum ya ba da rawaya, gawayi da aka niƙa baƙi, bular wanki shuɗi. A haɗa kowanne da ɗan gam ɗin fulawa don ya yi jiki. Akwai abin da yara ba sa gajiya da gani: a raba ruwan zoɓo kofi biyu, a matsa lemon tsami a ɗaya, a ɗiga ruwan kanwa a ɗayan. Na lemon ya ƙara haske, na kanwa ya rikiɗe ya yi duhu ya koma wajen shuɗi-shuɗi. Wani yaro ɗan shekara biyar ya taɓa riƙe mini zani yana cewa, “Anti, sake, ban ga lokacin da ya canza ba.” Sau huɗu muka sake. Ki dai sani waɗannan launuka wanki ɗaya suke kwaranyewa. Rinin da ke zama, mai soda, na manya ne masu safar hannu, soda tana cin fata.

Yarana maza mota kawai suke so.

A ba su mota. Mu da muka tashi da motar kara mun san daɗinta, sai dai busasshen kara sai kaka, a Agusta yana gona ɗanye. Motar langa-langa kuma ban yarda da ita ga ƙanana ba, bakin gwangwani yana yanka, ga tsatsa. Ta kwali ta wadatar: kwalin sabulu ko na magani, gidan biro biyu a manna a ƙasa a gicciye, a zura tsinken tsire da aka karye tsininsa a cikin kowanne, a huda murafen roba huɗu a soka a bakin tsinken. Hudar babba ne zai yi. Gidan biron nan shi ne sirrin, shi ke barin taya ta juya. In motar ta riƙa karkata gefe ɗaya, kada ki faɗa musu dalili. Za su kwanta rub da ciki su gano cewa hujin wata taya bai zauna a tsakiya ba.

Jirgin ruwa na takarda kuma a baho za a sa shi, cikin gida. Kada a bar yaro ya bi shi a lambatu bayan ruwa. Ruwan Jos daga kan duwatsu yake gangarowa da ƙarfi, kuma mutanen Rikkos da Gangare ba su manta ambaliyar Yulin 2012 ba.

Ya halatta a yi wa yarinya 'yar tsana?

Ni ba malama ba ce, amma ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, tana wasa da 'yan tsana tare da ƙawayenta, kuma da shi malamai da yawa suka kafa hujjar sauƙi a kan kayan wasan yara. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta ba ya bar fuskar ba ido ba baki, ya kuma tambayi malaminsa. Tamu ta gargajiya ma haka take. Yanzu da masara ta cika gari, a ɗauki totuwa a busar, a ɗaura mata zani da guntun atamfa da ɗan kwali, gemun masarar ya zama gashi. Safa ɗaya da aka cusa wa tsumma aka ɗaure wuya da zare ma ta zama 'yar goyo.

Ina zan samu yumɓu?

Wurin masu ginin tukwane, ko ki tambayi masu sayar da su a kasuwa su haɗa ki da su. Abin da nake roƙo shi ne kada a aiki yara ɗebo laka a bakin tsofaffin ramukan kuza da ke wajen Bukuru da Rayfield da kewaye. A ido kamar tafki ne mai kwanciyar hankali, amma zurfi gare su, bakinsu kuma da damina santsi yake.

In an samu yumɓun, a fara da ɗan kasko: a mulmula, a danna babban yatsa a tsakiya, a riƙa matsa gefe ana juyawa. A shanya a inuwa. Kafin nan, in da hali, a kai su gidan tarihi na Jos da aka buɗe a 1952, su ga tukwanen ƙabilu daban-daban da kawunan Nok, wato tsofaffin mutum-mutumin yumɓu, waɗanda masu haƙar kuza suka fara tonowa, masu shekara fiye da dubu biyu. Sannan ki ciro naira ashirin ki juya bayanta ki nuna musu Ladi Kwali tana gina tukunya. Tun tana yarinya ta koya a hannun wata 'yar'uwar iyayenta, kafin a 1954 ta shiga cibiyar koyar da ginin tukwane ta tsohuwar Abuja, wadda yau ake kira Suleja.

Ina da mai rarrafe a gida. Me zan kiyaye?

Duk abin da zai iya wucewa ta cikin kwalin tsakiyar tishu, ya yi wa ɗan ƙasa da shekara uku ƙanƙanta: maɓalli, dutsen ado, murfin biro, fasasshen balan-balan, wake. Manyan su yi aikinsu a kan tebur ko lokacin da ƙaramin ke barci. Allura a ƙirga ta kafin a fara, a ƙirga bayan an gama, ba mai tashi sai lissafi ya cika. Ina da mayen ƙarfe na tsohuwar sifika da nake bin tabarma da shi, amma a aljihuna yake kwana, domin shi ma haɗiyarsa masifa ce. Reza ba ta cikin kayanmu sam.

Mafi hatsari shi ne ƙaramin batirin nan mai kama da maɓalli, na agogo da kayan wasa masu walƙiya. In yaro ya haɗiye shi yana iya ƙona maƙoshi cikin awa biyu. Kada a tsaya sa shi amai ko ba shi manja, a ɗauke shi zuwa asibiti nan take. Robobi da gwangwanayen da kike tarawa kuma a kife su a rumfa, kada ruwa ya kwanta a ciki sauro ya samu gida.

'Yata bahaguwa ce. In mayar da ita dama?

Ki bar ta da hannunta. Ki zauna gabanta kuna fuskantar juna, ta kwaikwayi hannunki kamar madubi. Ɗinkinta zai tashi daga hagu zuwa dama, kuma daidai ne.

Yaushe za a hau keken ɗinki?

Sai ƙafa ta kai feda a zaune, kuma yarinya ta shekara tana ɗinkin hannu. Yawanci wajen shekara goma ne. A fara ba zare, a kan takarda mai layi, allura ta riƙa huda layin har ƙafa da hannu su saba da juna.

Ɗana minti goma yake yi ya tashi. Ko ba ya so ne?

Minti goma ga ɗan shekara huɗu aiki ne babba. Ɗan bakwai kan kai rabin awa. A gidanmu muna zama ne bayan karin kumallo, kafin hadari ya haɗo da rana, mu tashi tun ana marmari, don gobe su zo da kansu. Kowane yaro yana da kwalinsa da sunansa, aikin da bai ƙare ba a soke allurar a jikin ƙyallen, in karɓa in ƙirga, a rufe. Akwai yarinyar da ta yi sati uku a kan matashi ɗaya, kullum taku biyar ko shida ta gudu wajen 'yar gala-gala. Ranar da ta rufe bakinsa saura kwana biyu a koma makaranta, ta ɗora shi a ka ta tafi da shi gida cikin yayyafi, mahaifiyarta ta ce da shi ta kwana.